Wasannin gargajiya na yara a Jos: tambayoyi da amsoshi ga iyaye da malamai

Waɗannan su ne tambayoyin da iyaye, malaman firamare da na Islamiyya, da shugabannin matasa na unguwanni suka fi yi duk lokacin da aka taso da maganar dawo da wasannin dandali a Jos da kewayenta. Dokokin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yarda da su, amma wasan yara ba shi da kundi ɗaya. Langar unguwar Gangare na iya ɗan bambanta da ta Bukuru, don haka a riƙa daidaita doka tun kafin a shiga fili.

Waɗanne wasanni ake nufi, kuma na wace ƙabila ne?

Bahaushe ya kasa wasannin yara zuwa na maza, na mata da na tarayya. Langa, kokawa, dambe da gare na maza ne. Gaɗa, carafke, 'yar gala-gala da 'yar tsana na mata ne. Ɓuya, tatsuniya da kacici-kacici kowa na yi. Akwai kuma waɗanda lokaci ke kawo su, kamar tashe a watan azumi, da kokawa da dambe da kaka bayan an kai amfanin gona gida.

A Filato kuwa abin ya fi haka faɗi. Birom, Afizere, Anaguta, Irigwe, Angas, Mwaghavul, Tarok da sauransu kowa na da nasa, kuma haƙar kuza ta kawo Hausawa, Yarbawa, Ibo da wasu da dama, kowa da wasan garinsu. Kokawa, tsere, jifa da harbin baka ba mallakin ƙabila ɗaya ba ne. An san Birom tun da da hawan ƙananan dawakai ba sirdi da kuma farauta ta gayya, kuma yaro na fara koyon baka da kibiya ne da wasa. Abin da ya sa sunayen Hausa suka fi yawo shi ne Hausa ce harshen kasuwa da na filin wasa a Jos. Wanda ke son 'ya'yansa su san nasu, ya je wa tsofaffin gidansu da tambaya uku: sunan wasan da harshensu, waƙar da ke tafiya da shi, da lokacin shekara da ake yin sa. Waƙar ce ke fara ɓacewa, tun kafin dokar wasan.

Yaya ake langa daidai?

A sami fili mai laushi, ba tsakuwa, ba gangara, tsawonsa taku 15 zuwa 20, faɗinsa kamar 10. A kasa yara gida biyu daidai wa daida; 5 ko 6 a kowane gefe ya fi daɗi, don idan sun wuce 8 fili na cakuɗewa, alƙali ba ya ganin wanda ya saki ƙafa.

Kowane yaro zai naɗe ƙafa ɗaya ta baya ya riƙe ta da hannun ɗaya gefen, wato ƙafar dama da hannun hagu ko akasin haka, ya tsaya a kan ɗaya. Ana riƙe babban yatsa ko idon sawu. Riƙon idon sawu ya fi wa ƙanana, don yatsa na zamewa idan gumi ya karyo. Wanda ya saki ƙafarsa, ko ya faɗi, ko ya dafa ƙasa da hannu, ya mutu, sai ya koma gefe har a gama wannan zagaye.

Gefen da ke da wasa zai fitar da mutum ɗaya, shi ne ruwa. A can ƙarshen fili akwai wurin sha: itace, bango, ko da'irar da aka zana. Aikin 'yan gefensa su buɗa masa hanya, su tare masa abokan hamayya. Aikin ɗaya gefen su kayar da shi kafin ya isa. Idan ruwa ya kai, ya sha, an ci ɗaya. Idan aka kayar da shi, ko da mutanensa duk suna tsaye, wasa ya koma hannun ɗaya gefen.

Kuskuren da sababbi ke yi shi ne naɗa ƙaton cikinsu ruwa. Ƙato mai tsaro ne. Ruwa na son yaro mara nauyi, mai iya tsayawa cak a ƙafa ɗaya, mai iya kauce wa turi a bar mai turin ya tafi da ƙarfinsa ya sha ƙasa. Kuskure na biyu shi ne masu tsaro su ruga gaba su bar ruwa shi kaɗai a baya. Tsarin da ke aiki shi ne biyu a gaba, ɗaya a kowane gefe, ruwa a tsakiya, a tafi a hankali har a ga kafa, sannan ya fice.

Dokoki uku ne ke hana langa komawa faɗa. Turi da kafaɗa ne ko da tafin hannu a kafaɗa da ƙirji, ba a fuska ko wuya ba. Ba jan riga. Ba turi ta baya, domin mai riƙe da ƙafarsa hannu ɗaya kawai ya rage masa na kāre fuska, idan aka hankaɗa shi ta baya da haɓa yake sauka. Sannan a sa yara su sauya ƙafa bayan kowane zagaye. Gwiwa ɗaya ce ke ɗauke da nauyin jiki duka tana dira, kuma yaron da ya saba da ƙafa ɗaya tak shi ne ke kwana da kukan gwiwa. Ga 'yan ƙasa da shekara 10, minti 2 zuwa 3 ya isa zagaye.

Da gaske ana gasar langa a matakin ƙasa?

Ana yi. Langa, dambe, kokawa da ayo suna cikin wasannin gargajiya da ake fafatawa a Bikin Wasanni na Ƙasa, wanda aka fara a Legas a 1973. Banda salon ruwa, akwai tureshi, inda mutum biyu ke karawa cikin da'ira, wanda ya saki ƙafa ko aka fitar da shi ya faɗi. Tureshi ya fi sauƙin koyarwa, don haka da shi ya kamata a fara wa yaro kafin a sa shi cikin ƙungiya.

Mene ne dokokin dara? Mun ga manya na yi a gindin bishiya amma ba mu gane ba.

Gurabu 30 ne: layi 5, kowane layi gurbi 6. A da a ƙasa ake tona su. Yau kiret ɗin ƙwai na kwali ya wadatar, don shi ma gurbi 30 ne, 5 sau 6, kamar don dara aka yi shi. Kowane ɗan wasa na da 'ya'ya 12, kuma dole su bambanta: ɗaya ya ɗauki tsinke, ɗaya duwatsu ko ƙwallon dabino ko murafen kwalba.

Wasan zango biyu ne. A na farko ana sa 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya, kai ka sa, ni in sa, har 24 su shiga, gurbi 6 su rage a buɗe. A wannan zango ba a yarda kowa ya jera uku ba. A na biyu ake tafiya: ɗa ɗaya, gurbi ɗaya, gaba ko baya ko gefe, ba a karkace ba, ba tsallake. Wanda ya jera uku a miƙe ya ci, sai ya cire ɗa ɗaya na abokin karawarsa. Huɗu a jere ba ci ba ne. Wanda 'ya'yansa suka koma 2 ya faɗi, tunda ba zai ƙara jera uku ba. Abu ɗaya da unguwanni ke saɓani a kai shi ne ko ana iya cire ɗan da ke tsaye cikin jeren uku. A yanke wannan tun farko.

Ga abin da ya kamata a nuna wa mai koyo a ranar farko. Gurabun tsakiya 12 ne, kowanne na da maƙwabta 4. Na baki 14 ne, maƙwabtansu 3. Kusurwoyi 4 kuwa maƙwabta 2 kacal gare su. Yaron da ya zuba 'ya'yansa a bakin dara ya ɗaure kansa da kansa, zai ga ci a gabansa amma ba hanyar tafiya. Yawancin wasanni tun a zangon farko ake gane wanda zai ci su.

Sai tarkon da wasu 'yan dara ke kira doki. 'Ya'ya 5 yake buƙata: biyu a layin sama, biyu a layin da ke ƙarƙashinsa, na biyar yana hawa yana sauka tsakanin layukan, duk inda ya je ya cika uku. Wanda ya kafa doki yana ci a kowace tafiya. Maganinsa a hango shi tun yana 'ya'ya 4, a toshe gurbin da na biyar zai riƙa komawa, ko kuma idan ci ya samu a cire ɗaya daga cikin ƙafafunsa, kada a tsaya cire wani ɗa can da bai tsare wa kowa komai ba. Yaro ɗan shekara 7 na iya koyon dokar, amma hangen tafiya biyu gaba sai wajen 9 ko 10.

Ita kuma mai gurabu 12 fa?

Wannan wani wasa ne daban, ko da yake mutane na kiran ta dara ita ma. Yarbawa na ce mata ayo. Layi 2 ne, gurbi 6 kowanne, 'ya'ya 4 a kowane gurbi, jimilla 48. Mai wasa na kwashe gurbi ɗaya na gefensa ya rarraba ɗai-ɗai yana zagayawa. A salon da aka fi sani, idan ɗan ƙarshe ya sauka a gefen abokin karawa ya mai da gurbin 2 ko 3, an ci su, kuma wanda ya tara 25 ya yi nasara. Yara sun fi son salon cin huɗu-huɗu. Ga ɗan aji ɗaya ko biyu da ƙidaya ke ba wuya, da wuya a sami abin da ya fi ta.

Yaya ake carafke, kuma wane irin dutse ya dace?

Dutsen shi ne rabin wasan. A nemi masu santsi, masu ɗan nauyi, waɗanda ba su kai ƙwan tattabara ba, irin na bakin rafi. Tsakuwar gini da ake fasawa a duwatsun Jos tana da kaifi, tana yanka bayan hannu, tana kuma karya farce idan an zo shara.

Yarinya za ta watsa duwatsu a ƙasa, ta ɗauki ɗaya ta cilla sama, kafin ya sauko ta ɗauke ɗaya daga ƙasa, ta cafe na saman da hannun nan dai. Idan ta gama ɗai-ɗai sai bibbiyu, sai uku-uku, har ta kwashe duka a shara ɗaya. Ta faɗi idan na sama ya kuɓuce, ko ta taɓa dutsen da ba shi ta nufa ba, ko ta ɗebi fiye da ƙa'ida. Akwai salon da ake tona ɗan gurbi a zuba duwatsun, a fito da su a cilla ta farko, a mayar a ta biyu a bar ɗaya a waje.

Mai koyo na faɗuwa ne saboda abu biyu: tana cillawa da ƙarfi har dutsen ya karkace, ko tana kallon ƙasa. A ce mata ta cilla daidai goshinta, idonta na kan na sama, hannu ya nemo na ƙasa da kansa. A fara mata da 5. Idan akwai mai rarrafe ko ɗan ƙasa da shekara 3 a gidan, a ƙirga duwatsun kafin wasa da bayansa, don irin girman nan ne ke shaƙe yaro.

'Yar gala-gala fa?

A zana gidaje 6 zuwa 8 da gawayi ko alli a siminti, ko da tsinke a ƙasa, kowane gida kamar taƙi 2 zuwa 3. A jefa tsingaro ko ɓallin tayil a gida na farko, a tsallake shi da ƙafa ɗaya, a bi sauran, a dawo a ɗauka ba tare da an sauke ƙafa ba. Taka layi faɗuwa ne, haka jifar da ta sauka a kan layi. Wadda ta gama gidajen duka za ta juya baya ta jefa, inda ya sauka ya zama gidanta: ita ta huta a ciki da ƙafa biyu, saura su tsallake. A nan rigima ke tashi, don idan mutum ɗaya ta mallaki gida biyu a jere ƙanana ba sa iya tsallakewa. A sa doka cewa ba a mallakar gidaje biyu maƙwabta. Abin jifa kuma ya zama mai faɗi, mai zagaye mirginawa yake yi.

Akwai haɗari a gaɗa da sauran wasannin da'ira?

Gaɗa tafi ce da waƙa da rawa, 'yan mata sun yi rabin da'ira, ɗaya ta fito ta taka, ta juyo ta faɗa da baya a hannun ƙawayenta, su cafe ta su cilla ta ta dira. Haɗarin na wurin cafewa. Masu tara kada su gaza 4, su tsaya kafaɗa da kafaɗa, ƙafa ɗaya a gaba ɗaya a baya, su tare ta a kafaɗu da baya, ba a ƙugu ba. Kada a yi a kan siminti ko kusa da bakin kwata. Tsokanar nan ta a dare a bar yarinya ta faɗi, a hana ta da babbar murya, ƙeya ce ke bugun ƙasa.

A ɗan akuyana, yara na riƙe hannu su yi da'ira, na tsakiya na neman inda zai ɓalle. A riƙe tsintsiyar hannu, kada a sarƙe yatsu, kuma kada a sa ƙaramin yaro tsakanin manya biyu, don fizga na iya gocar masa da gwiwar hannu. A jini-jini, jagora na kiran sunayen abubuwa, masu jini a amsa, marasa jini a yi shiru, wanda ya amsa wa dutse ko turmi ya faɗi. Hukuncinsa na asali duka ne. A mai da shi tsallen kwaɗo 5 ko fita daga zagaye, wasan bai rage komai ba.

Daga shekara nawa yaro zai fara kokawa?

Daga 6 ko 7, in dai an kiyaye abu biyu: fili da haɗi. Fili ya zama yashi mai kaurin taƙi guda aƙalla, da'ira mai faɗin mita 5 zuwa 6, a tsefe shi da manjagara a fitar da kwalba, ƙusa da dutse. Jar ƙasar Jos da rani tauri take yi kamar daɓe, yayyafa mata ruwa kawai ba ya mai da ita filin kokawa.

Haɗi kuwa da nauyi ake yi, ba da aji ko shekara ba. Shawararmu ga ƙanana, kada tazarar ta wuce kilo 3. A yanke farce, a cire zobe, sarƙa da bel. Kaye shi ne bayan mutum ko mazaunansa su taɓa ƙasa, kuma da zarar an kayar alƙali ya shiga, ba a danne wanda ya faɗi. Haramun ne shaƙe wuya, murɗe yatsa, da ɗaga yaro sama a sako shi da ka. Kafin a koya wa yaro kayarwa a koya masa faɗuwa: ya sa haɓa a ƙirji, ya faɗi da gefe, kada ya miƙa hannu ya tokare ƙasa. Tokarewar nan ce ke kawo yawancin karayar hannu.

Mai son nuna wa yara inda kokawa ke kaiwa ya nuna musu gasar kokawa ta neman takobi ta Nijar, wadda aka fara a Tawa a 1975, har yau kuma ƙasar kan tsaya cak idan ana yin ta.

Dambe fa? Yaronmu na gani a waya yana naɗe hannu da tsumma.

Damben manya sana'a ce mai tsari, wadda aka san mahauta da ita tun asali. Hannu ɗaya ake naɗewa da ƙyalle da igiyar da ake kira kara, ɗayan a buɗe yana tsaro, ana turmi 3, wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi. Ra'ayinmu a fili yake: kada a bar yara su daki juna a ka, da kara ko ba kara. Ƙwaƙwalwar yaro ba ta gama ƙwari ba, kuma illar bugu ba lallai ta nuna a ranar ba. Yaro na iya koyon tsayuwa, taku, kauce-kauce da kirari, ya daki buhun da aka cika da dusa ko tsumma. Buhun yashi na ji wa wuyan hannu. Shaɗin Fulani ma haka: gwajin jarumtar samari ne, da lokacinsa da manyan da ke tsaye a kai, ba abin da yara za su kwaikwaya da tsumagiya a bayan gida ba.

Kayan wasan da yara ke ƙerawa da kansu, wanne za a ƙarfafa, wanne za a sa wa ido?

Motar kara da dokin kara, a bar su su yi ta yi. Ana feƙe bawon karan dawa a yi sanduna, a yanka farin cikin a yi mahaɗai. Bawon na yanka yatsa kamar reza, don haka a nuna musu su ja shi waje, nesa da jiki. A cikin gari inda kara ke wuya, waya, murafen kwalba da tsohon silifa na taya sun maye gurbinsa. Gwangwanin madara kuwa sai babba ya lanƙwashe bakinsa da guduma tukuna. Gare, wato tura tsohuwar taya ko bakin keke da sanda, matsalarsa ɗaya ce: unguwannin Jos gangara ne, taya na tsere wa yaro ta faɗa titi, shi kuma ido rufe yake bin ta.

Danƙo shi ne abin sa wa ido. A kafa gwangwanaye a jikin bango, kowa ya tsaya a bayan layi ɗaya, ba mai zuwa ɗauko dutse sai an ce a tsaya. A duba robar kullum, wadda ta fara tsagewa a fuskar mai harbi take tsinkewa. Baka da kibiyar yara ma wannan doka ce, kuma bakin kibiya ya zama dunƙule.

Ina ne, kuma yaushe ne, ya fi dacewa a Jos?

Jos na kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, ga sanyi, shi ya sa wasan farin wata bayan isha'i da aka saba a Kano ko Katsina ke wuya a nan a Disamba da Janairu. Bayan la'asar zuwa kafin magariba ya fi. Da sanyi a sa yara su ɗan yi gudu da tsalle na minti 5 kafin langa ko kokawa, jiki mai sanyi ya fi saurin targaɗe. Daga Afrilu zuwa Oktoba damina ce: da an ji tsawa a bar fili, kada a fake a gindin bishiya ko kan dutse, kuma a tuna dutse mai gansakuka santsi gare shi.

Wurare uku a yi nesa da su. Na farko kududdufan da haƙar kuza ta bari a Bukuru, Rayfield, Barikin Ladi da sauran wurare. Bakinsu a tsaye yake, zurfinsu ba a gani, ƙasansu laka ce, sun ci yara da yawa. Ba wurin iyo ba ne ko ga wanda ya iya. Na biyu shingen kyarana da ke kewaye gonaki da gidaje a ƙauyukan Filato: farin ruwanta na ƙona fata, idan ya shiga ido kuwa abin ya yi muni. Na uku kogunan duwatsu da yara ke so don ɓuya, maɓoyar kunama da maciji ce. A shata iyakar ɓuya kafin a fara, a kuma ƙirga yara idan an tashi.

Idan an ji rauni me za a fara yi?

Targaɗe: a dakatar da wasa, a ɗaga ƙafar, a sa ƙanƙara cikin ƙyalle ko tsumma mai ruwan sanyi minti 15 zuwa 20. Kada a murza, kada a ja, kada a gasa da ruwan zafi a ranar farko. Idan yaro ya kasa takawa ko gaɓar ta karkace, asibiti za a nufa a ɗauki hoto.

Haɓo, wanda ke yawa da hunturu: ya zauna ya sunkuyar da kai gaba, a matse tattausan hancin minti 10 ba saki. Ɗaga kai sama na tura jinin maƙogwaro ne kawai. Ruwan kyarana a ido: a yi ta zuba ruwa mai tsabta aƙalla minti 15, kada ya murza, sannan a tafi asibiti. Yankan gwangwani ko ƙusa: a wanke da ruwa da sabulu, ba toka, ba ƙasa, ba man birki, a kuma bincika allurar tetanus. Wanda ya bugu a ka ya yi amai, ko ya suma ko na ɗan lokaci, ko barci ya rinjaye shi, ko maganarsa ta rikice, kada a jira gari ya waye.

Tashe na cikin wasannin nan? Ya kamata a bar yara su fita?

Yana ciki, kuma shi ne makarantar wasan kwaikwayo ta farko ga ɗan Bahaushe. Ana farawa daga wajen 10 ga watan azumi, bayan an sha ruwa. Yara na shiga gida-gida, wani ya manna gemun auduga ya zama tsoho, wani ya yi shigar malami ko boka, a ba su hatsi ko 'yan kuɗi. A bar su, amma cikin ayari, a cikin unguwarsu, da wani yayansu a tare, da lokacin dawowa sananne. Kada su tare titi ko su bi motoci. Idan hukuma ko mai unguwa sun ce a dakata saboda yanayin gari, a dakata.

Malami mai yara 60 da minti 40, yaya zai yi?

Ya kasa su rukuni 4 na 15, ya kafa tasha 4: tureshi, 'yar gala-gala, dara da kiret 7, da wasan da'ira ɗaya. Minti 5 na ɗumama jiki, minti 8 a kowace tasha, sauran na tattara kaya. Kowace tasha a ba ta shugaba daga manyan aji, ɗan aji biyar ko shida wanda aka koya wa tun jiya. Da ma haka wasannin nan ke tafiya, daga yaya zuwa ƙane, kuma inda suka mutu za ka tarar wannan igiyar ce ta tsinke, ba waya kaɗai ce ta kashe su ba. Fili ya zama shaguna, karatun safe da na yamma sun cinye yini, kuma tun rikicin 2001 unguwanni da yawa sun rabu, yaran da da za su haɗu a fili ɗaya ba sa haɗuwa. Makaranta na cikin wuraren da suka rage, don haka idan za a kasa rukuni a gauraya su, kada a bar kowa ya koma wajen 'yan unguwarsu. Hukumar Lafiya ta Duniya na son yaro mai shekara 5 zuwa 17 ya sami motsa jiki na minti 60 a kullum, darasi ɗaya a mako ba zai biya ba sai an ɗora da lokacin tara da na gida.

Kullum da rigima suke tashi. Yaya za a rage?

Rigimar wasa daga wuri uku take fitowa: rabon mutane, wa zai fara, da musun an mutu ko ba a mutu ba. Wajen rabo, shugabanni biyu su zaɓa bi da bi, amma wanda ya zaɓa na biyu a ba shi mutum biyu a jere, hakan na daidaita ƙarfi. Wa zai fara, a yi canki-canka da tsakuwa a dunƙulen hannu. Musu kuwa, a naɗa alƙali ɗaya daga cikin waɗanda ba sa wasan, maganarsa ce ta ƙarshe, idan bai gani ba a sake zagayen. Wanda aka kama da magudi sau biyu, kamar sauya ƙafa a ɓoye a langa ko matsar da ɗa a dara idan an waiga, ya zauna zagaye biyu. Ci kuma a riƙa zana shi a ƙasa inda kowa ke gani, layi ɗaya ci ɗaya, mai zanawa ya faɗa da ƙarfi kafin a koma fili.